Matsalar Kalmar "Wuta" a Koyar da Fasahar Lantarki: Duba Daga Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi a Batsari ko Safana, yake son karanta fasahar lantarki bayan sakandare, hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya nufi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ya yi difloma ta shekara biyu bisa manhajar hukumar NBTE da aka kafa a 1977, ko kuwa ya nemi takardar shaidar malanta ta NCE, mai shekara uku, a kwalejin ilimi da ke da sashen koyar da fasaha, irin ta tarayya da ke Bichi, bisa manhajar hukumar NCCE da aka kafa a 1989. Duk wadda ya bi, da Ingilishi za a yi masa lacca, da shi zai rubuta rahoton gwaji da jarrabawa. Amma ranar da ya koma gida, da Hausa zai yi wa mai burtsatse bayanin dalilin ƙonewar injinsa, da ita kuma zai warware wa ɗan ƙaramar sakandare abin da littafi ya dunƙule. Wannan maƙala ta dubi wuri ɗaya da harsunan biyu ke saɓa wa juna, wato kalmar "wuta".

2.0 Yanayin Wurin

Batsari da Safana maƙwabtan juna ne a yammacin Jihar Katsina, kuma Dajin Rugu ya ratsa yankunansu. Matsalar tsaro da ta addabi wannan shiyya ta taɓa sana'ar lantarki kai tsaye. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. Watanni aka yi a haka. Cewa har gwamnati ta ga cajin waya ya isa a yi masa doka ya nuna yadda jama'a suka dogara da janareta da batir da sola, ba da wutar kamfanin KEDCO kaɗai ba. A inda wuta ke zuwa daga layi, aikin mai gida bai wuce kunna makunni ba. A inda kuwa kowa ke haɗa tasa, dole wani ya yi lissafi, kuskuren lissafin kuma daga aljihun manomi yake fita.

3.0 Kalma Ɗaya a Wurin Huɗu

Darasin farko a kowane kwas na lantarki shi ne rarrabe ma'aunai. Akwai matsin da ke tura lantarki cikin waya, wanda ake aunawa da bolt. Akwai yawan lantarkin da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Idan aka ninka na farko da na biyu sai a sami ƙarfin aiki, wanda ma'auninsa wat ne. Idan kuma aka ninka ƙarfin aiki da tsawon lokaci sai a sami jimillar makamashin da aka ci, wanda shi ne mita ke ƙirgawa ake biya. Hausar yau da kullum duk "wuta" take ce musu. "Wutar ta yi ƙasa" magana ce kan matsi. "Dutsen guga yana jan wuta" ta shafi gudana ko ƙarfin aiki. "Wutar katin ta ƙare" makamashi ake nufi. Faɗaɗa ma'anar kalma ba aibi ba ne ga harshe, kuma a hirar gida muhallin magana yana raba gardama. A ɗakin gwaji ne abin ke zama cikas, domin dokar da Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827 alaƙa ce tsakanin matsi da gudana da turjiyar waya. Wanda ya fassara ta a ransa da cewa wuta daidai take da wuta ninkin turjiya bai riƙe komai ba sai haruffa.

Misali zai fi fito da batun. Mai shago yana da batir biyu, kowane bolt 12 ne, yana kuma ɗaukar amfiya 100 na awa guda. Idan aka jera su, kan wannan a gindin wancan, matsi ya koma bolt 24, amma abin da suke ɗauka yana nan a 100. Idan aka haɗa su kai da kai, gindi da gindi, matsi yana nan a 12, ɗaukar ta koma 200. A duka haɗin biyu makamashin da aka tara ɗaya ne, wato wat 2,400 na awa guda. Mai gyara zai iya cewa "an ƙara wuta" a kowane hali, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai inbata mai bolt 12 da aka jona wa haɗin farko tana iya ƙonewa nan take, alhali na biyu kwana za ta yi tana aiki a kansa.

Aro ma bai tsira daga wannan ruɗani ba, hasali ma ya ƙara shi. Kalmar "lokaran", da ake faɗa idan ƙwan fitila ya dushe, ta shigo ne daga Ingilishin Nijeriya, kuma a zahirinta tana nufin gudana ta ragu. Abin da ya ragu a gaskiya shi ne matsi, ya sauko ƙasa da bolt 230 da aka tsara wa gidaje. Ga injin firji ko na tura ruwa kuwa, faɗuwar matsi kan sa ya ja gudana fiye da ƙima don ya ci gaba da juya kayan da ke kansa, wayoyinsa su yi zafi, rufinsu ya narke. Ke nan a daidai lokacin da baki ke cewa gudana ta yi ƙasa, a cikin injin sama ta yi. Ɗalibin da ya girma da wannan kalma sai an fara kwance masa ita kafin a ɗora wani abu.

4.0 Abin da Ya Shafi Masana Hausa

Ta fuskar sauti, kalmomin wannan sana'a ba su zo da sabon abu ba. Sautin da Hausa ba ta da shi yana komawa mafi kusa, shi ya ba da "inbata" da "fanel" da "filaya"; cunkoson baƙaƙe kuma ana raba shi da wasali, kamar a "taransifoma". A bakin Bakatsinen da ke cewa "hwari" a wurin "fari", "fanel" ɗin ma "hwanel" zai zama. Sunayen kaya, a taƙaice, sun zauna da gindinsu, kuma ɓata lokaci ne a ce za a ƙirƙiro wa batir ko caja wani suna. Giɓin yana wajen abubuwan da ido ba ya gani.

An yi aikin keɓaɓɓun kalmomi a baya. Littafin da Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya samar wa nazarin harshe da adabi kalmomin da har yau ake rubuta kundaye da su, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, ya tattara na gama-gari. Dalilin karɓuwar na farko shi ne malaman da suka tsara kalmomin su ne suka shiga aji da su. Fasahar lantarki ba ta sami wannan gata ba, saboda masanin harshe ba ya koyar da ita, mai koyar da ita kuma manhajarsa ba ta nemi ya yi bayani da Hausa ba, ko da a zangon gwajin koyarwa ne.

Kalmomi irin su "matsi" da "gudana" da "turjiya", da aka yi amfani da su a nan, suna da fa'ida ɗaya: duk suna jingine da hoton tankin ruwa da bututu, wanda ba baƙo ba ne ga ɗan Ruma ko Runka. Tsayin tanki shi ne matsi, ruwan da ke wucewa shi ne gudana, ƙuncin bututu shi ne turjiya. Hoton yana da iyaka, kuma ya kamata malami ya faɗi iyakar tun a ranar farko. Bututun da ya fashe ruwa yake zubarwa, amma wayar da ta tsinke gudana tsayawa take cak, matsin kuwa yana nan a bakinta yana jiran wanda zai taɓa. Haka ma kafasito na tsohuwar talabijin yana iya riƙe caji bayan an zare filogi, shi ya sa ake koya wa ɗalibi sauke shi kafin ya kai hannu, ko da mai kayan ya rantse cewa "babu wuta a ciki".