Jan Hatimi da Masu Ambulan a Dakata

Da sassafe titunan Dakata na ma'aikata ne: masu takawa a ƙafa zuwa kamfanonin roba na nan kusa da na Bompai, da masu tsaron adaidaita sahu don doguwar tafiyar Sharada ko Challawa, inda ake jimar fata. Sai hantsi ya dubi ludayi wasu mutanen daban suke fitowa. Za ka gane su da ambulan ɗin kaki da suka naɗe a leda suka maƙale a hammata. Wani ɗansa ya sami gurbin karatu a Masar, wani magadan gidansu rabi suna Jidda, wani kuwa akawun kamfani ne da aka aiko da takardun da za su je hannun wakili a Guangzhou. Dukkansu hatimi suke nema, kuma da yawansu ba su san wanne ba.

A cikin unguwa ba a rasa hanyar tabbatar da magana. In za a sayar da fili, ana rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga tambarinsa. Ɗan makarantar allo ma ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Sai dai ƙarfin wannan shaida yana ga sanayya. Ma'aikacin jami'a a Alƙahira bai san mai unguwarmu ba, ba shi kuma da hanyar sanin ko tambarin nasa ne.

Matakin da kowa ya fi sani shi ne takardar rantsuwa. A babbar kotun da ke Miller Road, nan Bompai, da sauran kotunan birni, akwai kwamishinan rantsuwa, wanda dokar rantsuwa ta 1963 ta ba ikon rantsar da mutum a kan shekarunsa, ko gyaran suna, ko ɓatan takarda. Banki da wurin aiki sukan karɓi wannan. Matsalar tana farawa ne idan mutum ya ɗauka ita ce za ta raka shi har ƙasar waje.

Na waje aikin notari ne. Shi lauya ne da ya kwana biyu a aiki, wanda Alƙalin Alƙalan Najeriya ya naɗa, sunansa kuma yana cikin rajistar da ake ajiyewa a Kotun Ƙoli. Ba kowane barista ne notari ba, kuma ba laifi ba ne ka tambaya kafin ka biya. Dokar wannan aiki ta samo asali tun 1936, sai a 2023 aka sauya ta da sabuwa.

Wanda ya taɓa zama a gaban notarin kirki ya san ba ya gaggawa. Zai karɓi fasfo ko katin ɗan ƙasa, ya dubi hoton, ya ɗago ya dubi fuskar. In kwafi aka kawo, sai ya ce a miƙo ta asali, ya jera su yana bin layi da yatsa. In dattijo ne da bai yi boko ba, sai a karanta masa da Hausa, sannan a tambaye shi: "Baba, ka gane cewa da wannan takarda wane zai iya sayar da gidan ko ba ka nan?" Sai ya ce "Na gane, Barista" kafin a kawo tawada ya dangwala. Daga nan a manna jan hatimin nan mai baki kamar haƙoran zarto, a matse shi da ƙarfe har rubutun ya fito ta baya. Abin da hatimin ke faɗa kaɗan ne: wannan mutumin ya zo da kansa, na tabbatar shi ne, a gabana ya sa hannu. Bai ce gidan naka ne ba, bai ce cinikin ya yi kyau ba.

Kuma tafiyar ba ta ƙare a nan ba. Tun 1961 akwai yarjejeniyar Hague, wadda ta sa tambari guda ya wadatar tsakanin ƙasashen da suka shiga. Saudiyya ta shiga a 2022, yarjejeniyar ta fara aiki a Sin a 2023. Najeriya ba ta ciki, saboda haka takardar Dakata doguwar hanya take bi: daga notari zuwa sashen shari'a na Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga can zuwa ofishin jakadancin ƙasar da za a je. In takardar makaranta ce, sai ta fara biyawa ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Babban kamfanin da ke fitar da fata zuwa Italiya yana da lauyansa da mai yi masa zirga-zirga. Leburan da ke wannan kamfani, in 'yarsa za ta tafi karatu, shi zai nemi hutun kwana biyu, ya biya mota, ya nemi wurin kwana, kuma harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin Muhammad na fasfo da Mohammed na sakamakon jarrabawa ya isa a dawo da shi Kano.

Takardar da ke shigowa ma haka take. Magajin da ke Jidda, in zai wakilta ƙanensa wajen rabon gado, can zai sa hannu a gaban hukuma, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya ya tabbatar, in da Larabci ce a fassara. Saƙon murya ta WhatsApp yana kwantar da hankalin 'yan uwa, amma ba shi ne takardar wakilci ba. Ko wakilcin ya cika, sauya hannun fili mai takardar gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tare mutane a bakin kotu da shagunan buga takardu. "Alhaji, kawo mu ƙarasa maka, ba sai ka shiga ba." Mutum ya gaji, aiki na jiransa, sai ya miƙa. Bayan awa ɗaya a dawo masa da takarda mai hatimi, alhali ba wanda ya ga fuskarsa. Takardar da ta ce ka tsaya gaban wani, ba ka kuwa tsaya ba, ƙarya ce tun daga layinta na farko, kuma ta wannan ƙofa ake sayar da gidan marayu da sa hannun da ba nasu ba. Lauyan da ke buga hatimi a kan takardar wanda bai gani ba ya fi dillalin laifi, don shi ya san nauyin abin.

Dokar 2023 ta yarda notari ya ga mutum ta bidiyo, ya tabbatar da takarda ta intanet, abin da zai iya rage wa 'yan uwanmu na ƙetare wahala. Tafiyar Abuja ce har yanzu take nan. Garin da ke da Bompai da Sharada da Challawa, da ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya, ya cancanci a ce ana kammala tantance takardunsa a cikinsa, kuma 'yan kasuwa da wakilan Kano a majalisa su ne ya kamata su matsa a kan haka.