Sikolashif: Wani Kyauta Ne, Wani Kuma Rance

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, maganar da ake yi a Nima da Sabon Zango da Aboabo ba ta wuce ɗaya: yaro ya ci, to ina kuɗin jami'a? Sai ka ji ana cewa a nema masa sikolashif, kamar abu guda ne da ake rabawa a wani ofis. Alhali iri-iri ne, kuma ya kamata iyaye su san wanda suke sa wa hannu.

Akwai wanda kyauta ne tsantsa. Gwamnatin Gana ta buɗe ofishin kula da irin wannan tun 1960. Akwai kuma rancen ɗalibai, wanda asusun SLTF ya gada daga hannun SSNIT bayan kafa shi a 2005. Wannan bashi ne mai ruwa, kuma sai an biya. A da sai ɗalibi ya kawo wanda zai tsaya masa, abin da ya sha kayar da 'ya'yan 'yan kasuwa da ba su da ɗan'uwa ma'aikaci. Daga 2022 aka ɗauke wannan sharaɗi, katin ɗan ƙasa ya wadatar.

Amma wanda ya fi shafar mutanen zango, kuma ba kowa ya san shi ba, shi ne na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. A 1983 bankin ya ɓullo da shiri na musamman domin Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba membobinsa ba. Nijar da Nijeriya da Togo da Kamaru duk membobi ne, Gana kuwa ba ta ciki, don haka 'ya'yanmu suna da damar nema. Bankin yakan biya kuɗin makaranta, ya kuma ba ɗalibi na kashewa. Ya fi karkata ga fannoni irin su likitanci da injiniya da aikin gona, wato yaron da ya guje wa lissafi da kimiyya tun yana sakandare ya rage wa kansa hanya.

Wannan ma rance ne, sai dai ba ruwa a kansa. Idan ɗalibi ya gama ya sami aiki, sai ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin kuma ba Jidda suke komawa ba, suna shiga wani asusun wakafi ne a cikin ƙasar, a ɗauki nauyin wasu yaran da su. Saboda haka wanda ya ci ya share baki ba bankin ya cuta ba, ƙanensa ya cuta. A ganina wannan tsari ya fi kyautar daraja, in dai ana biya.

Duk irin wanda za a nema, maki ake fara dubawa. Jami'o'in Gana suna son darussa shida da ba su gaza C6 ba, ciki har da Turanci da lissafi, kuma ƙaramin jimla shi ne mafi kyau. Bayan haka sai takardu, kuma a nan ne namu suka fi tuntuɓe. Yaro Muhammad ne a takardar haihuwa, Mohammed a sakamakon jarrabawa, Mamman a katin ɗan ƙasa. Yanzu da ake cike fom ta intanet, irin wannan saɓani kaɗai ya isa ya tsayar da neman. Gyaransa yakan buƙaci takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a gazet na gwamnati, kuma yana cin lokaci. Gara a yi shi tun yaro yana aji biyu na sakandare.