Sinadaran Da Ake Zubawa A Tankin Babur: Me Suke Yi Wa Inji?

Duk wanda ya leƙa shagon sayar da kayan gyaran babur a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, zai tarar da wasu 'yan kwalabe da gwangwanaye jere kusa da galan-galan na baƙin mai. A jikinsu an rubuta alkawura iri-iri. Wannan zai wanke inji, wancan zai ƙara masa ƙarfi, wani kuma zai rage masa shan mai. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kuɗin lita ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, alkawarin nan na ƙarshe ya zama abin jan hankali ga duk wanda abincinsa ya rataya a kan babur. Abin tambaya shi ne, wanne ne daga cikin alkawuran nan kimiyya ta tabbatar da shi?

Inda dauɗar take fitowa

Man fetur gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai waɗanda aka gina da kabon da haidirojin. Kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska. Gauraya su bisa wannan ma'auni shi ne aikin kafireta, wadda ita ce ke jikin mafi yawan ƙananan baburan da ake haya da su a wannan yanki. A cikinta akwai wasu 'yan ƙananan ƙofofi na tagulla da kanikawa ke kira jet, ta nan mai ke bi ya haɗu da iska. Ƙofar jet ɗin da ke riƙe inji lokacin da ba a murɗa totur ba, faɗinta bai kai rabin milimita ba. Ke nan ɗan abu kaɗan ya isa ya toshe ta.

Dauɗar da ke damun inji kashi uku ce, kuma rashin bambance su shi ke sa mutane asarar kuɗi. Ta farko danƙo ne. Idan fetur ya daɗe a ajiye, sassansa masu saurin tashi sai su bi iska, wasu daga cikin waɗanda suka rage kuma su haɗu da iskar oksijin su zama wani abu mai yauƙi, ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke manne wa bangon kafireta. Zafi yana gaggauta wannan sauyi, shi ya sa baburin da aka jingine wata biyu ko uku cikin bazara yakan ƙi tashi. Ta biyu kunkunniya ce, wato ragowar kabon na man da bai gama ƙonewa ba, wadda ke daskarewa a bayan bawul, da kan fistin, da bakin fulogi. Wadda ta taru a bayan bawul takan zama kamar soso, ta tsotse man da ya kamata ya shiga silinda, sa'an nan ta sake shi a lokacin da ba a bukata. Ta uku kuwa baƙuwa ce daga waje: ƙura, da tsatsar tanki, da ruwa.

Sabulun cikin mai

Sinadarin wanke inji na gaskiya ɗan'uwan sabulu ne. Kowace ƙwaya tasa tana da kai da wutsiya. Kan yana ɗauke da naitirojin, kuma yana son manne wa ƙarfe da dauɗa. Wutsiyar doguwa ce, kuma ta fi son zama cikin mai. Idan ƙwayoyin nan suka yi wa ɗan gutsuren danƙo ƙawanya, kawunansu a ciki wutsiyoyinsu a waje, sai mai ya kwashe shi ya kai shi silinda ya ƙone. Ɗalibin da ya karanta darasin narkewar abinci zai tuna da ruwan matsarmama, wanda hanta ke yi. Shi ma da irin wannan dabara yake farfasa kitse a cikin hanji ya mai da shi ƙananan ɗigo, sai dai a can kitse ake shigarwa cikin ruwa, a nan kuwa dauɗa ake shigarwa cikin mai.

Sinadarai biyu ne suka fi shahara a wannan aiki. Akwai wanda ake taƙaita sunansa da PIBA, wanda ke wanke kafireta da bawul, amma ba ya taɓuka abin kirki a saman fistin, har ma yakan ƙara dauɗar wurin. Akwai kuma PEA, wanda ya fi jure zafi, saboda haka yakan kai har cikin silinda yana aiki. Shi ne ginshiƙin Techron na kamfanin Chevron. Amfanin irin waɗannan sinadarai tabbatacce ne, har ya kai ga Amurka ta wajabta zuba su cikin duk fetur ɗin da ake sayarwa tun daga 1995. A 2004 kuma kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka ga ma'aunin da doka ta sa ya yi kaɗan, suka fito da nasu mai suna Top Tier.

Amma fa ba kowace kwalba ke ɗauke da su ba. Da yawa daga cikin masu arahar, abin da ke cikinsu bai wuce dangin kananzir da ɗan barasa da launi ba. Kwalbar da ba ta bayyana abin da ke cikinta ba, abar tuhuma ce. Sa'an nan ko mai kyan, iyakarsa danƙo da kunkunniyar da ba ta yi tauri ainun ba. Ba ya narkar da yashi, ba ya narkar da tsatsa. Jet ɗin da ya toshe ƙurmus ma ya fi ƙarfinsa, domin sinadarin cikin mai yake tafiya, inda mai bai bi ba kuwa shi ma ba zai bi ba. Wannan sai bakanike ya kwance kafireta.

Batun rage shan mai fa? Injin da dauɗa ta dagula, in aka wanke shi zai koma shan man da yake yi tun asali, iyakar ribar ke nan. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada kayayyaki fiye da 100 da aka yi iƙirarin suna rage shan mai, ba ta sami ko ɗaya da ya kawo ragi na a zo a gani ba.

Kuskuren awo

Yawancin kwalaben nan don motoci aka yi su. A ɗauka an rubuta cewa kwalba mai mililita 350 za a zuba ta cikin lita 45 na fetur. Wato kowace lita za ta sami kusan mililita 8. Tankin ƙaramin babur kuwa lita 10 ne ko kusa da haka, rabonsa mililita 78, bai ma kai rubu'in kwalbar ba. Wanda ya juye ta duka ya ninka awon sau huɗu da rabi. Sakamakon haka shi ne robobin kafireta da tiyon mai su kumbura ko su yi laushi, wani sashe na sinadarin kuma ya sulale ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Baƙin man ƙaramin babur kimanin lita ɗaya ne kacal, saboda haka ɗan abin da mota za ta shanye ba ta ji ba, shi yana iya jigata shi. Dalilin da ya sa ya fi kyau a yi amfani da sinadarin daf da lokacin juye baƙin mai ke nan. Injin da ake gauraya wa mai da fetur, wanda ke fitar da shuɗin hayaƙi, ya fi shiga haɗari, don ɗan man da ke cikin fetur ɗin shi kaɗai ne ke hana ƙarafansa cin juna.

Akwai kuma waɗanda ake zubawa cikin baƙin mai kai tsaye don ƙara masa santsi. A mota, kuloci a bushe yake, a waje da mai. A mafi yawan babura kuwa, inji da giya da kuloci duk cikin mai ɗaya suke wanka. In santsi ya yi yawa sai faifan kuloci su riƙa zamewa, inji na ihu babur ba ya gaba. Saboda wannan matsala ne Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Galan ɗin da aka rubuta wa MA ko MA2 shi ne ya dace da irin wannan kuloci, kuma ba ya bukatar ƙari.

Oktan da labarin dalma

Idan fistin ya matse gaurayen mai da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, ana so wuta ta bi gaurayen a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Wani lokaci sai ragowar gaurayen ya fashe da kansa kafin wutar ta iso, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Lambar oktan awo ce ta juriyar mai ga wannan fashewa. Ba awon ƙarfin mai ba ce. Injin da ba ya ƙwanƙwasa da man da ake sayarwa, ƙara masa oktan ba zai ƙara masa gudu ba. Wasu daga cikin sinadaran ƙara oktan ma suna ɗauke da manganis ko baƙin ƙarfe, waɗanda ba sa ƙonewa, sai dai su bar jan toka a bakin fulogi har su kashe shi.

Mafi shaharar sinadarin ƙara oktan a tarihi shi ne wanda Thomas Midgley ya gano a ɗakin binciken General Motors a watan Disamba na 1921, wato wani haɗi na dalma. An fara sayar da fetur mai dalma a 1923. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey, bayan sun fita hayyacinsu saboda shaƙar sinadarin. Duk da haka aka ci gaba da sayar da shi, domin a wajen inji ba shi da na biyu ga araha.

A wajen jikin ɗan'adam kuwa dalma ba ta da amfani ko ƙanƙani. Jiki yakan ɗauke ta a matsayin kalsiyam, ya ajiye ta cikin ƙashi da haƙori, ya kuma bar ta ta shiga inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo. Tana kuma hana aikin wasu enzayim da ke haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin cikin jini. Yara sun fi cutuwa, saboda hanjinsu ya fi na manya tsotsar ta, ga ƙwaƙwalwarsu tana kan ginuwa. Clair Patterson, masanin da ya ƙiyasta shekarun duniya da kimanin biliyan 4.55 ta hanyar auna dalmar cikin duwatsu, shi ya nuna a 1965 cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta asali nesa ba kusa ba. A 1979 likita Herbert Needleman ya auna haƙoran da yara suka famɓare, ya nuna cewa masu dalma da yawa sun fi rauni a gwajin basira. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi alkawarin daina fetur mai dalma a taron Dakar na 2001, suka cika a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021, shekara ɗari cif bayan binciken Midgley. Mutanen Zamfara sun ga aikin wannan guba a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu, ko da yake tasu dalmar daga dutsen zinariya ta fito.

Kafur, ruwa da gurɓataccen mai

A ƙasashe da dama akwai masu jefa ƙwallon kafur na cikin akwatin tufafi a tanki, wai don ƙara ƙarfi. Wanda aka yi da naftalin yana ƙonewa da baƙin hayaƙi, wato kunkunniya yake ƙarawa. Wanda aka yi da sinadari mai kulorin ya fi muni, don in ya ƙone asid yake haifarwa, mai cin silinda da salansa. Naftalin kuma yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin masu ƙarancin enzayim ɗin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, saboda haka ko ajiye shi kusa da jarirai kasada ce.

Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda mai ke fita, ya kuma haifar da tsatsa. A tankunan dizal da na man jirgin sama, har wata irin funfuna mai suna Hormoconis resinae takan yi gida a iyakar ruwa da mai, tana cin man tana toshe matata. Sinadaran da ake sayarwa don kawar da ruwa barasa ne, wanda ke haɗa ɗigon ruwa da fetur su wuce tare. 'Yan ɗigo yake iya ɗauka. In ruwan ya taru, sai an juye tanki.

Haka nan babu kwalbar da ke gyara man da aka gurɓata. A watan Fabrairu na 2022 hukumomin Nijeriya suka tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, dogayen layuka suka biyo baya. Metanol yana cin roba, yana kuma cin alminiyam da zinki, waɗanda da su ake ƙera jikin kafireta. Man bumburutu da ya kwana cikin jarka a rana, ga ƙura ga buɗaɗɗen baki, yana iya tara dauɗar nan iri uku gaba ɗaya.

Sau da yawa ma baburin da ake zargi da dauɗar ciki, matatar iskarsa ce ta cushe. Ƙurar hunturu takan toshe ta cikin 'yan makonni, iska ta ragu, mai ya yi yawa a gaurayen, shan mai ya ƙaru. Fulogi ne ke tona wannan asiri. In aka kwance shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa mai haske, ƙonewa na tafiya daidai. In baƙi ne a bushe kamar gindin tukunya, mai ya rinjayi iska, sai a fara duba matatar iska da cok. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta gefen fistin da ya cinye, aikin da ke gaban mai babur kuwa buɗe inji ne. In kuma ja ne kamar bulo, alama ce ta sinadarin ƙara oktan mai ɗauke da ƙarfe, ko dai daga kwalbar da aka zuba, ko kuwa daga man da aka sayo.