Shekarar Share Fagen Karatun Likita ga Ɗan Kudancin Kano

Karatun likita a jami'o'in Najeriya shekara 6 ne, amma a ta farko ɗalibi ba ya ganin majinyaci. Shekara ce ta share fage, inda ake maimaita Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a mataki mai zurfi, kuma a nan ake tankaɗe da rairaya kafin a kai ga ilimin sassan jiki.

Yaron da ya taso a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa yakan shiga karatun likita ta ɗayan hanyoyi biyu. Akwai jarrabawar JAMB, bayan ya sami kiredit 5 a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku. Akwai kuma IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ake koyarwa a kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada. Wanda ya ci IJMB da maki mai yawa yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. Tun kafin nan ma an fara tace haziƙai, domin tun 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda sai da jarrabawa ake shigarsu. Wanda ya fito daga cikinsu hannunsa ya saba da kayan ɗakin gwaji. Takwaransa na sakandaren ƙauye sau da yawa a allo kawai ya san su, kuma wannan giɓin ne ya fi kayar da ɗalibai, ba ƙarancin basira ba.

Zaman makaranta kansa darasi ne. Ana sammako don samun kujerar gaba, saboda ɗakin lacca ɗaya kan haɗa masu neman likita da na sauran fannonin kimiyya, na baya kuwa da ƙyar yake jin malami. A ɗakin kwana tukunya ɗaya ake ɗorawa: wannan ya kawo shinkafar Kadawa, wancan masarar Doguwa, wani wake da manja, a yi garau-garau a ci tare. Bayan sallar isha'i a koma aji, a kwana kan littafi, in an ɗauke wuta a kunna fitilar waya. Manyan ɗalibai, ta hannun ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan ƙaramar hukuma ɗaya, kan shirya bita kyauta a ƙarshen mako, su warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wannan bita ta ceci da yawa.

Wani nauyin daga gida yake zuwa. Da an ji ya sami gurbi, dangi sun fara kiransa likita, ana nuna masa takardar magani in ya je hutu, alhali bai tsallake siraɗi ba tukuna. Majalisar kula da aikin likita ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta horar, don haka wanda ya faɗi darasi akan mayar da shi wani fannin. Wanda ya haye a Jami'ar Bayero yakan yi karatun sassan jiki da yadda suke aiki, sannan ya koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda zai fara tsayawa a gefen gadon majinyaci.