Abokin Karawarka a Wasan Yaƙin Kwamfuta: Wayo Ya Fi Ka ko Guzuri?

Duk wanda ya taɓa buga wasan yaƙin tarihi a kwamfuta ya san menu ɗin da ke tambayar yadda yake son wasan, mai sauƙi ko mai wuya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan sun zaɓi mai wuya, basirar kwamfutar ce ke ƙaruwa. A yawancin wasannin ba haka ba ne. Dabararta tana nan kusan yadda take, guzurinta ne ake ƙarawa. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a duba kafin a ce wane wasa ya fi wane.

Mu fara da Civilization, wanda Sid Meier ya fito da shi a 1991. Bi-da-bi ake yinsa kamar dara: ka taka, kwamfuta ta taka. A kashi na shida, na 2016, idan ka zaɓi mataki mafi wuya, kai za ka fara da ayarin kafa gari guda ɗaya, kowace daula ta kwamfuta kuwa da uku, ga ƙarin mayaƙa, ga ƙarin ƙarfi a kowace arangama. Shi ya sa farkon wasan yake da zafi ƙwarai. Amma idan ka jure har ka kamo su, sai ka tarar ba su iya tsara runduna ba. Sukan turo maharba gaba ba tare da kariya ba, su kwashe zagaye da yawa suna kewaya ganuwa ba su ci garin ba.

Total War, na kamfanin Creative Assembly, ya soma da Shogun a 2000, Rome ya biyo baya a 2004. A nan za ka ga dubban sojoji a fili, kuma kwamfutar takan yi abin a yaba: ta zagayo da dawakai ta bayanka, ta nemi tudu ta tsaya. Rauninta yana wajen kai hari kan birni mai ganuwa, kuma masu wasa sun koka sosai da haka lokacin da Rome II ya fito a 2013. Matakan wuya a nan ma sukan ƙara wa sojojinta juriya, har ƙaramar runduna ta ƙi gudu a inda hankali ya ce ta watse.

A ganina Age of Empires II ne ya fi yi wa mai wasa adalci. A fitowarsa ta farko a 1999 ma akwai son kai, domin a mataki na ƙoli ana ba kwamfuta kyautar abinci, itace, zinare da dutse. Sai masu sha'awar wasan suka shiga rubuta wa kwamfutar nasu ƙa'idojin, suna haɗa su faɗa da juna don a ga wanda ya fi. Daga irin wannan aiki aka gina abokin karawar da ke cikin sabon bugun 2019, wanda ba a ba shi ko ƙwayar hatsi kyauta. Yana aika ɗan leƙen asiri, ya ga irin mayaƙan da kake tarawa, ya fito da maganinsu: ka tara mahaya, ya tara masu mashi. Idan ya ci ka, za ka iya komawa ka kalli wasan ka gane inda ka yi sake. Wannan ne ke sa mutum ya ƙware, kuma shi ya sa nake fifita shi.

Wani zai tambaya, tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a wasan ches a 1997, kuma AlphaStar ta kamfanin DeepMind ta kai sahun gwanayen wasan yaƙi na StarCraft II a 2019, me ya hana a saka irin wannan basira a waɗannan wasanni? Horar da ita yana cin kuɗi da manyan injuna, kuma duk gyaran da aka yi wa dokokin wasa yana iya sa a sake horon. Ban da haka, allon ches gida 64 ne kuma komai a bayyane yake, taswirar yaƙi kuwa tana da faɗi, galibinta a rufe da hazo.

Ga mai karatu Bahaushe akwai ƙarin abin sha'awa. A 2021 Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummominsa, da Kano a matsayin babban birni, da mahaya masu lifidi da maharban Fulani. Idan kwamfuta ce ke riƙe da su, Sarauniya Amina ta Zazzau ce za ka kara da ita. Tana kuma cikin shugabannin Civilization VII na 2025. Wasan Europa Universalis IV, wanda tarihinsa ke farawa daga shekarar 1444, yana da Kano da Katsina da Zazzau a taswirarsa, kuma kana iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu ka bar wa kwamfuta sauran biyun.