Ɗaukar Hoton Jinjirin Wata Da Madubin Hangen Nesa

Ga bayanin yadda ake haɗa kyamara da madubin hangen nesa domin duban wata.

Da fari a kwance gilashin gaban kyamara, a ɗaura zoben ƙarfe a gurbinsa. Zoben yana da wuya mai faɗin inci 1 da rubu'i, shi ake zurawa a ramin da ake sa ido, bayan an cire ɗan gilashin da ke ciki. Madubin ya zama idon kyamara ke nan. Mai saye ya lura, zoben Canon ba ya hawa Nikon.

Mai koyo ya fara da watan kwana 7, gama ya fi sauƙin samu. A sa kyamara ta jinkirta daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, don motsin hannu kan ɓata hoto. Kada a fuskantar da madubi yamma sai rana ta faɗi sarai, haskenta ta cikinsa yana makantarwa.

Amma fa a sani, kyamara takan kamo abin da ido bai iya gani. Ran 8 ga Yuli 1434 Hijira tana gab da Ramadan, wato 2013, wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjiri da hantsi, daidai lokacin haihuwarsa, alhali ba idon da zai gan shi. Saboda haka wanda ya kawo hoto, wajibi ne ya faɗi wuri da sa'a, ya kuma faɗi ko ya gani da idonsa. Hukunci kuwa na malamai ne. Allah ya sa mu dace, amin.