Wasiƙa da Littafi a Ƙofar Gidan Yarin Kaduna

Duk mai ɗan'uwa a tsare ya san kayan ziyara: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, sabulu, sai 'yan canji. Uwar da ta yi sammako daga unguwar Romi, ta ƙetare kogin Kaduna zuwa babban gidan yarin da ke titin Independence, su take ƙullawa a leda. Da wuya a ga littafi a ciki, balle wasiƙa. Ba laifinta ba ne, ciki ake fara tunawa. Sai dai wanda ake kullewa tun kafin magariba har wayewar gari, ba tuwo kaɗai yake wa yunwa ba.

Wannan gida da Turawa suka gina a 1915 ya taɓa riƙe babban mashaidi a kan haka. A 1967, ana cikin yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kama marubuci Wole Soyinka, aka kawo shi Kaduna aka keɓe shi a ɗaki shi kaɗai, aka hana shi takarda da alƙalami da abin karantawa. Da hannunsa ya haɗa tawada, yana rubutu a takardar bayan gida da tsakanin layukan 'yan littattafan da aka shigar masa a ɓoye. Ya fita a watan Oktoba na 1969, kuma daga waɗancan guntayen ne littafinsa The Man Died ya fito a 1972. Idan rashin abin karantawa ya gallabi mutumin da duniya ke ta kiran a sake shi, yaya yaron da ba wanda ya san sunansa sai mahaifiyarsa?

Nelson Mandela ma, a farkon zamansa a tsibirin Robben, wasiƙa ɗaya ake ba shi a wata shida, kalmominta ba su wuce 500 ba, wani lokaci ta iso an yanke mata layuka. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta a 2015 sunansa suke ɗauke da shi. Ƙa'ida ta 58 ta ba ɗaurarre damar yin wasiƙa da iyalinsa a kai a kai, ta 64 ta ce kowane gidan yari ya tanadi laburare. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yarin Nijeriya gidajen gyaran hali. Gyaran halin da ba karatu a ciki, sunan ne kawai ya canja.

To, yaya ake aikawa? A rubuta cikakken sunan mutum kamar yadda yake a takardar kotu, ban da laƙabin unguwa, sannan sunan gidan da yake, da adireshin mai aikowa. Gandirobobi za su buɗe su karanta, don haka kada a rubuta abin da zai jefa shi cikin wata rigimar, kada kuma a cusa kuɗi ko layin waya a ambulan. An haramta wa fursuna riƙe wayar hannu, shi ya sa takarda ke da daraja a can. Ana iya bi ta gidan waya, amma kai wa hannu da hannu ranar ziyara ya fi tabbas, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, kuma akan sauya wa mutum gida iyalinsa ba su sani ba. Littafi kuwa, gara a fara tambayar jami'in jin daɗin fursunoni kafin a kashe kuɗi.

Tsoron hukuma shi ne a ɓoye ƙwaya ko reza a bangon littafi, kuma tsoro ne mai dalili. Amma maganinsa bincike ne. Ingila ta gwada hana aika wa fursunoni littattafai a 2013, babbar kotu ta soke hanin a Disambar 2014.

Mutanen Romi ba sai sun ƙetare kogi ba kafin su sami inda za su kai littattafai. A Kakuri akwai gidan ɗaurin talala na farko a Nijeriya, wanda aka buɗe a 1953, a Barnawa kuma akwai gidan horar da kangararrun matasa. Ƙungiyoyin coci da na masallaci sun daɗe suna kai Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani, sun kuwa kyauta. Ya kamata a haɗa da na lissafi da Turanci, tunda fursunoni na zana jarrabawar kammala sakandare, kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN na koyar da su kyauta. Tsofaffin littattafan da yara suka gama da su suna nan jibge a gidaje, ga Magana Jari Ce, ga labaran marubutan Kano, kuma kwali guda ya ishi ɗaki ɗaya karɓa-karɓa na watanni.